Amsar Baffa Kan Maganar Igiyar Ƙasa

Assalamu alaikum, ɗana Nasiru. Saƙonka ya iso, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Ka ce mai ɗakinka ta tsinci saɓar maciji a bayan randa, kuma tun ranar kowa da shawarar da yake ba ka: kada a kama sunansa da dare, kada a kashe na cikin ɗaki sai an yi masa gargaɗi, in an kashe a sare kai a binne, a nemo gardi ya ba ku maganin sha, a kuma ajiye baƙin dutse saboda tsaro. Kana son sanin wanne za ka riƙe, wanne ne camfi.

Abin da na gani shi ne, al'adun da suka shafi kafin sari yawancinsu hankali ne aka naɗe cikin tsoratarwa, riƙe su ba ya cutar da kowa. Na bayan sari su ne masu kai mutane kushewa. Amma fara sanin wanda kuke zaune da shi tukuna.

Ɗauko saɓar nan ka duba ta a rana. Kada tsawonta ya firgita ka, domin tana miƙewa lokacin da yake tuɓe ta, kullum ta fi mai ita tsawo. In ka shafa ka ji kaushi, kowane ɓawo da ɗan tudu a tsakiyarsa, kan kuma cike da ƙananan ɓawo, to ka yi zaton dangin kububuwa ko kasa. In santsi ce, da manyan ɓawo shimfiɗe a ka, wataƙila kumurci ne, wataƙila kuma ɗaya daga cikin marasa cutarwa.

Kububuwa ce ta fi kashe mutane a ƙasashenmu na arewa, ga ta kuma ba wata girma ba. Da wuya ta wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori, wato santimita 30 zuwa 60. Launinta na ƙasa ne, ruwan toka ko ja-ja, da fararen ɗigo jere a baya da gefe, kanta ɗan gajere mai faɗi, wuyan siriri. In ka matso ba ta gudu. Sai ta lanƙwashe jiki ninki-ninki ta riƙa goga gefe da gefe, ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. In ka ji wannan a gona ko a duhu, ja da baya kafin ka nemi inda yake fitowa. Wurin zamanta ƙarƙashin dutse, tarin kara, damin gero da ya kwana a ƙasa, da ramin ɓera, kuma daga magariba take fitowa. Muguntarta ita ce sarinta ba ya nuna kansa da wuri. Wurin zai kumbura, ya yi zafi, mutum kuwa yana tafiya da ƙafarsa yana cin tuwo, alhali dafin ya riga ya hana jininsa daskarewa. Bayan yini ɗaya ko biyu sai a ga jini a dasashi, a yawu, a fitsari, tsohon miki ya buɗe, wani kuma ya zubo a cikin kai. Ba banza wasu ke kiranta gobe-da-nisa ba. Likitoci sun ƙiyasta cewa in ba a yi allurar kashe dafi ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da ta sara ba sa tashi.

Kasa ba ta ɓuya ga wanda ya taɓa ganinta: gajera, mai kaurin damtse, tsawonta wajen mita 1, kai faffaɗa mai kusurwa uku, da zane mai tsini jere a gadon baya. Barcinta da ake yi wa kirari ba barci ba ne, kwanton ɓauna take yi wa ɓera, kuma ta dogara da launinta ya ɓoye ta, shi ya sa ba ta kauce wa mai tafiya. In ka yi sa'a za ta kumbura ta yi huci, in ba ka yi ba sai dai ka taka ta. Nauyin jikinta kada ya ruɗe ka, sarinta ya fi ƙiftawar ido. Dafinta kumburi yake kawowa har ƙafa duka, da ƙuraje masu ruwa, nama ya ruɓe. Haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kuma 'ya'yan da dafinsu suke faɗowa.

Wanda na fi zato a gidanku shi ne kumurci, don shi ne mai shiga gidaje. Baƙi ne dogo, yakan kai mita 1 da rabi ko fiye, da ɗan ja ko fari-fari a maƙogwaro da ake gani in ya ɗaga ya fasa kai. Ɓera, ƙwai, 'yan tsaki da kwaɗi ke kawo shi. Yana tsarto dafi ya nufi ido daga nisan mita 2, wani lokaci fiye. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun lura cewa da yawa daga waɗanda ya sara suna barci ne a ƙasa cikin ɗaki da dare. Akwai ɗan'uwansa mai fasa kai amma ba ya tsartuwa, wanda a wurare da yawa shi ake ce wa gamsheƙa, ko da yake sunayen nan biyu sukan sauya daga gari zuwa gari. Sarin wannan ba ya kumbura sosai, jijiya yake kamawa: fatar ido ta yi nauyi, magana ta karye, yawu ya gagara haɗiyuwa, daga nan numfashi. Nan sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba.

Sauran da za ka riƙa gani, irin su sako mai gudu a ciyawa, da damatsiri kore siriri a bishiya, da ɗan ja-jan nan mai santsi da ke bin ɓera a ɗaki, ba su da wata cuta, ka bar su su wuce. Mesa ba ta da dafi, sai dai cizo mai yaga nama, kuma a fadama aka fi samunta. Guda ɗaya zan ja kunnenka a kai: ɗan ƙaramin baƙi mai sheƙi, da wuya ka bambanta kansa da wutsiyarsa, yakan fito bayan ruwan sama. Yara kan ɗauka ba kome ba ne su kama shi a wuya, shi kuwa haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa, ya soke yatsa baki a rufe. Kada kowa ya ɗauki maciji da hannu, ko wane iri ne.

To, al'ada. Cewa igiya ko abin ƙasa da dare maimakon sunansa, ladabin magana ne, ka yi shi gaban manya. Maciji ba shi da kunne a waje irin namu, motsin ƙasa yake ji, ƙamshi kuma da harshe yake ɗauka, saboda haka sunansa ko fito ba sa kiransa. Amfanin abin dai, yaro da ya tashi yana jin ana sakaya sunan ya san dare lokacinsa ne. Sai dai ranar da aka yi sari a ajiye kara, a faɗa wa ma'aikacin asibiti ƙarara abin da aka gani.

Gargaɗi kuwa ba camfi ba ne, yana da asali. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri ne, yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, kan wani saurayi ango da ya soke maciji a ɗakinsa a Madina lokacin yaƙin Gwalalo, shi ma ya rasu nan take, Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa yi wa macizan gidaje gargaɗi kwana 3. Mai littafin Risala ya ce wannan a Madina ne, in an yi a wani gari ya yi kyau, a daji kuwa ba a gargaɗi. Ka ƙara tambayar limaminku, amma ba wanda ya ce ka kwana da iyali ɗaki ɗaya da kumurci kana jiran wa'adi. A fitar da yara, a buɗe masa hanya, a yi gargaɗin daga bakin ƙofa. In ya ƙi fita, a rufe ɗakin, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a kira wanda ya saba. Sari da yawa wajen kisa ake samunsa, musamman in an tunkare shi da adda ko guntun itace. In ya zama dole, sanda doguwa, kuma a kare ido.

Sare kai da binnewa, wannan riƙe shi da kyau. Da aka ce an kashe maciji ba a sare kai ba, gaskiya aka faɗa, har ma da ƙari: kan da aka datse yana iya sara bayan an ɗauka ya mutu, da dafinsa cif. A ɗauke shi da shebur a binne da zurfi inda yara da kaji ba za su tono ba. Batun cewa abokin zamansa zai zo ramuwa, babu ramuwa. Lokacin barbara namiji kan bi sawun ƙamshin mace, kuma abincin da ya kawo na farko yana nan zai kawo na biyu. Haka nan masu cewa maciji ba ya iya motsi gaban mai ciki, kada a gwada. Sarin kububuwa ga mai ciki zubar jini ne da ɓari.

Gardi kuma, wasansa da kake kallo a kasuwa, mafi yawa an cire wa macizan haƙori, haƙorin kuwa yana sake fitowa, shi ya sa su ma ake kai su asibiti. Babu abin sha ko tsaga da ke sa dafi ya ƙi kama mutum. Saiwar sanya da tafarnuwa da ake ajiyewa a lungu ba sa cutarwa, amma kada ka dogara da su. Fiya-fiya da fetur a ɗakin da yara ke kwana sun fi macijin haɗari.

Abin da ke korar maciji shi ne rashin abinci da rashin maɓoya. Gida a bakin gari irin naku, ragowar bulo da aka jibge a gindin katanga shi ne masauki na farko, a kwashe. Itacen girki da kara a ɗaga su daga ƙasa, nesa da ɗakin kwana. Buhunan hatsi kan katako, ba jingine da bango ba, rufewa kuma a share ƙarƙashinta. Akurki can ƙarshen gida, a kwashe ƙwai kullum. Gindin randa in yana jiƙe kwaɗi za su taru, a ɗora ta kan mazauni a gyara inda ruwa ke bi. Rariya a sa mata raga mai ƙananan ido, ƙasan ƙofa kuma in yatsanka na shiga, ƙaramin maciji zai shiga. Kyanwa na rage ɓera, zabi kuma ba sa ganin abin ƙasa su yi shiru. Da bazara in za a kwana a tsakar gida, a hau gado, a sa gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Ba mai fita kewaye da dare babu tocila da takalmi. Buga sanda a ƙasa na korar sako da kumurci, amma kasa da kububuwa lafewa suke yi, su sai haske.

Lokutan da aka fi sari su ne farkon damina wajen shuka da noman fari, sai kaka wajen girbi. A nan Kabi akwai na uku: in gulbi ya cika a watan Agusta da Satumba, fadamun Argungu, Bunza da Suru suka sha ruwa, duk abin da ke rami tudu yake nufa, inda mutane suke. Mai yankan shinkafa ya sa takalmin ruwa, dami kuma a juya shi da sanda ko lauje kafin a sa hannu.

In ƙaddara ta faɗa, nan ne za ka saɓa wa masu shawara ko da sun girme ka. Kada a ɗaure da igiya ko roba: ba ya tsare dafin, jini yake tsarewa, ƙafar da dafin kasa ko kumurci ke ci ta ƙarasa mutuwa a yanke ta. Kada a tsaga, domin wanda kububuwa ta sara jininsa ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa. Baƙin dutse manne wa miki kawai yake yi, ba ya zuƙo abin da ya riga ya shiga jiki. Za ka ce to yaya aka yi wasu suka warke a hannun mai magani? Wasu maras dafi ne ya cije su, wasu kuma mai dafin ne amma bai zuba ba, wannan na faruwa sosai. Waɗannan ko ruwa aka ba su za su tashi, sai a ce magani ya ci. Wanda aka zuba wa dafin sosai shi ake kaiwa asibiti bayan kwana 3, jini na zuba, ya cika a can, a ce asibiti ba ta iya sarin maciji ba. Addu'a da tofi a yi su, amma a kan hanya.

Abin yi kaɗan ne. A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe, agogo, awarwaro da takalmi kafin kumburi. A sa wa ƙafar ko hannun kara kamar yadda ake yi wa karaya, sako-sako, don motsi ke tura dafi. Kada ya taka, a ɗauke shi. In mashin ne, a sa shi tsakiya wani ya riƙe shi. In yana amai a kwantar da shi ta gefe. Don zafi farasitamol kawai, ban da asfirin da su diclofenac da ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Kada a ɓata lokaci neman macijin, hoto daga nesa ya isa in ya samu. In an riga an ɗaure tamau, a bar ma'aikatan asibiti su kwance. In tsartuwa ce a ido, a wanke da ruwa mai yawa, buta bayan buta, minti 15 zuwa 20 ido a buɗe, ba murzawa. In babu ruwa a kusa madara ta yi, sannan a je a duba idon ko da zafin ya lafa.

A asibiti za su ɗebi jini kaɗan su zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, su bar ta minti 20. In an karkata ta jinin bai daskare ba, dafin kububuwa ne ke aiki, sai allura. Ko ya daskare a karon farko za su maimaita, don haka a yarda a kwana, aƙalla sa'a 24, ko da wanda aka sara yana cewa ya warke. Allurar iri-iri ce, ba kowace aka yi don macizan ƙasarmu ba. EchiTAb-G ta kububuwa ce kaɗai, EchiTAb-Plus kuwa ta haɗa kububuwa, kasa da kumurci, su ne aka daɗe ana aiki da su a asibitin sarin maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Ba kullum ake samunta a ko'ina ba, kuma tana da tsada. Saboda haka tun yanzu da kowa ke lafiya, ka je babban asibitin da ya fi kusa da ku, ka kuma tambaya a Asibitin Sir Yahaya da na Tarayya a Birnin Kebbi, ka san inda ake ajiye ta da wace iri ce. Ka riƙe lambar mai mota ko mai mashin da zai ɗaga waya ƙarfe 2 na dare, ita ma mai ɗakinka ka sa mata a wayarta. A gaida mutanen gida.