Fawa saflai mai wat 750 zai ɗauki katin girafik na gaba?

Malam, ka tambaya ko fawa saflai ɗinka (na'urar da ke ba kwamfuta wuta) mai wat 750 zai iya da katunan girafik (masu sarrafa hoto a kwamfuta) da za su fito nan gaba. Ya danganta da ajin katin da kake hari.

Dubi yadda manyan katunan Nvidia suka yi ta hawa: RTX 3090 na cin wat 350, RTX 4090 wat 450, RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025 kuwa wat 575, har kamfanin ya ce a haɗa shi da fawa saflai mai wat 1000. Dalili shi ne 4090 da 5090 kusan fasahar ƙira ɗaya TSMC, kamfanin da ke ƙera wa Nvidia cif, ta yi musu, don haka ƙarin ƙarfin da wuta aka saye shi. A hasashena babban kati na gaba ba zai wuce wat 600 da yawa ba, domin nan ne iyakar wayar 12V-2x6 guda ɗaya, wadda ke kai wa katin wuta.

Idan matsakaici kake so, irin RTX 5070 mai wat 250, naka ya isa har da rara.

Abin lura shi ne fizgar wuta. Kati kan ja fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, tsohon fawa saflai ya ɗauka matsala ce ya kashe kwamfutar ana tsakiyar wasa. Nemi fawa saflai mai tambarin ATX 3.0 ko 3.1, wato sabuwar ƙa'idar da aka yi don jure wannan fizgar. Sannan ka tura filogin har ya yi ƙas, kada ka lanƙwasa wayar dab da bakinsa. Rashin zama daidai ne ya narkar da na wasu masu 4090.