Amsa ga Alhaji mai son zaga duniya cikin kwana 24

Assalamu alaikum Alhaji. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye don ba amsar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: Alhaji ya ajiye aiki, yana so ya fita da Hajiya daga Bauchi su ga duniya. An turo masa takardar wani kamfani mai zagaya duniya da jirgin sama na shata, kwana 24, a tashi daga Amurka a sauka Peru, tsibirin Easter, Ostireliya, Kambodiya, Indiya, Tanzaniya, Jodan da Masar, kuɗin mutum ɗaya ya haura dala dubu ɗari. Yana tambaya ko abin ya kai kuɗinsa, kuma ko mai fasfon Najeriya zai iya. Ya ce yana da hawan jini, Hajiya kuma tana fama da gwiwa.

Masu cewa almubazzaranci ne sun riga sun faɗi nasu, ba zan shiga nan ba. Guminka ne.

Ni ban hau wannan jirgin ba, aljihuna bai kai can ba. Amma na yi ƙaninsa shekarun baya: kwana 15, ƙasashe huɗu, Masar, Jodan, Indiya da Kambodiya, manyan otal, mota na jiranmu duk inda muka sauka. Daga baya na koma Masar ni da maiɗakina muka yi kwana goma, mu muka tsara abinmu. Da abin da na gani a tafiyoyin nan biyu zan ba ka amsa.

Hutun da suke talla gaskiya ne. Ba ka ɗaukar jaka, ba ka bin layi, ba ka ciniki da direban tasi da hannu kamar kurame. Duk wanda ya taɓa kwana a kan benci a filin jirgin wata ƙasa yana jiran canjin jirgi ya san darajar wannan. To amma ɗauki biro ka yi lissafi. Wurare takwas a kwana 24, ka cire sa'o'in da za ku yi a sama. Tsibirin Easter kaɗai nisansa daga gaɓar Chile, ƙasar da take da shi, ya kai kilomita 3,500, daga nan kuma sai an tsallake tekun Fasifik kafin a ga Ostireliya. Abin da zai rage muku a kowane wuri kwana biyu ne, na farkon ma gajiya da rikicewar barci ke cinye shi, domin agogon jikinka yana Bauchi kai kana inda rana ke fitowa lokacin da ake kiran isha'i a gida.

A Petra, tsohon garin dutse da ke Jodan, na fara gane haka. Ana shiga garin ne ta wani tsagin dutse mai suna Siƙ, tafiyar fiye da kilomita ɗaya, duwatsu sun tsaya dama da hagu kamar za su haɗe a kanka. Kana cikin tafiya sai ka ga Khazna ta leƙo ta ƙarshen tsagin, gini mai tsayin mita kusan 40 wanda Nabatawa, mutanen da suka gina garin, suka sassaƙa a jikin jan dutse shekara dubu biyu da suka wuce. Kowa ya ɗaga waya. Ni kuwa wani abu daban ne ya riƙe ni. A gefen hanyar, tun daga bakin tsagin, akwai magudanar ruwa da suka fafe a jikin dutsen, wani wurin har da guntayen bututun yumɓu. Mutumin Gombe ne ni, na tashi ina jiran ɗan garuwa a ƙofar gida, saboda haka ganin yadda mutane suka tara ruwan sama suka shayar da gari guda a tsakiyar hamada ya fi Khaznar kanta taɓa ni. Na tsuguna ina bin magudanar da ido, ina so in tambayi inda take zubawa, jagoranmu ya ɗaga 'yar tutarsa ya ce mota na jira. Sa'a huɗu aka ba mu a garin da ke bukatar kwana biyu. Babban ginin nan na can saman dutse, Ad-Dair, ko hanyarsa ba mu kama ba. Matakala kusan 800 ne, ka sa wannan a lissafin gwiwar Hajiya.

A Agra ta Indiya ma haka. Taj Mahal dai ka san shi a hoto, Shah Jahan ya fara gina shi a 1632 kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal. Abin da hoto ba ya nuna maka shi ne ayoyin da ke jikinsa. Suratul Fajr ce a babbar ƙofar shiga, Yasin kuma ta kewaye ƙofofin ginin kansa, baƙin dutse aka dasa cikin farin marmara, kuma an riƙa ƙara girman haruffan yayin da suke hawa sama domin mai tsaye a ƙasa ya gan su daidai wa daida. A ayarinmu ni kaɗai ne zan iya karantawa, na fara ke nan aka ce a taru a ɗauki hoto. Ka kuma lura, ranar Juma'a a rufe yake ga masu yawon buɗe ido saboda sallar da ake yi a masallacin da ke gefensa. Zuwa lokacin da muka isa Angkor Wat a Kambodiya, ginin ƙarni na 12 da mutane ke tashi tun kafin asuba don su ga rana ta fito a bayansa, wallahi ƙafata kawai nake ji. Da na dawo gida ina nuna wa yara hotuna, sai da na riƙa duba kwanan wata kafin in ce wannan ƙasa kaza ce.

Tafiyata ta biyu kuɗinta bai kai rabin na farko ba, ita ce kuma har yau nake ba da labarinta. Mun je Giza da sassafe. Dalar Khufu (wannan dalar ta dutse ce, ba wadda kamfanin ke nema a hannunka ba) tsayinta na asali mita 146 ne, duwatsu sama da miliyan biyu, shekara 4,500 tana tsaye. Na biya na shiga cikinta, kuma ina ba ka shawara kada Hajiya ta gwada: a sunkuye ake hawa wata siririyar hanya, ga zafi ga ƙarancin iska, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki. Masu raƙuma na wurin kuma ka yi ciniki da su har da kuɗin saukowa kafin ka hau. A Luksor mun shiga tsohon wurin bautar Karnak sau biyu, da safe da kuma bayan la'asar, domin ginshiƙansa 134 kamanninsu na sauyawa da hasken rana. Mun tsallaka Nilu zuwa kwarin da aka binne sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922, fentin jikin bangon wasu kaburburan kamar bara aka shafa shi. Mun gangara har wurin bautar Abu Simbel, wanda aka yanka gunduwa-gunduwa aka ɗaga zuwa kan tudu tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsar Aswan ya haɗiye shi. Mun yi sallar Juma'a a Azhar. Rannan kuma muka tsaya a gaban gawar Ramsis na biyu, tun 2021 aka mayar da gawarwakin sarakunan wani gidan tarihi a Fusɗaɗ, cikin Alƙahira. Jagora zai rantse maka wannan ne Fir'aunan Annabi Musa, alhali masana ba su haɗu a kan haka ba, bakshish yake nema, wato ɗan na goro. Ko ba shi ba ne, mutumin da ya mulki Masar shekara 66 ne kwance a cikin gilashi, busasshe kamar kilishi. Maiɗakina mai surutu ce, amma har muka koma masauki ba ta ce uffan ba. Babu mai tuta da ya kore mu daga wurin.

Yanzu maganar fasfo, wadda ita ce za ta fara tare ka kafin kuɗi. Irin wannan tafiya don masu fasfon Amurka da Turai aka tsara ta, waɗanda yawancin ƙasashen nan ke buɗe wa ƙofa ba wahala. Kai kuwa tun daga Amurka inda jirgin zai tashi biza kake bukata, haka Ostireliya, haka Indiya, haka kusan duk sauran. Fasfo ɗaya gare ka, wasu ofisoshin jakadancin kuma sai sun riƙe shi kwanaki ko makonni, ba za ka iya kai shi wuri biyu a lokaci guda ba. Ka fara da wuri sosai, ka bincika ko kowace ƙasa tana da ofishi a Abuja, ka yi fasfo mai shafi 64 maimakon mai 32, ka tabbata yana da sauran fiye da wata shida bayan ranar dawowa, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara, don mai fitowa daga Najeriya ana tambayarsa. A ayarinmu akwai wani bawan Allah da bizarsa ɗaya ba ta fito a kan lokaci ba. Kamfanin ya nuna masa ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar da ya sa wa hannu, kuɗin ajiyarsa ya tafi. Kafin ka tura ko sisi, su rubuto maka abin da zai faru in an hana ɗayanku biza ɗaya tak.

Hawan jinin nan kuma kada ka raina shi. Hanyar Machu Picchu, tsohon garin kan dutse da za a kai ku a Peru, ta Kusko take bi, garin da ke mita 3,400 sama da teku. Jos da muke kira tudu ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. Machu Picchu kanta ta fi sauƙi, mita 2,430, amma a wannan tsayin lafiyayyen matashi ma kan yi ciwon kai da haki. Ka kai wa likitanka jerin wuraren ya gani da idonsa. Magunguna su zauna a jakar hannu tare da takardar likita, inshorar lafiya kuma ka karanta ko ta ɗauki ciwon da kake da shi tun kafin tafiya.

Salla ba matsala, matafiyi ne kai, ga kasaru, ga waya na nuna alƙibla. Buta ce za ka nema ka rasa, ko a otal ɗin da banɗakinsa ya fi falona girma, don haka a sa 'yar ƙaramar gora a jaka. A Masar da Jodan ka ci abin da aka kawo. A Peru da tsibirin Easter da Kambodiya kuwa kifi da ganye za ku fi dogara da su, ka riƙa tambaya ko an sa giya a girkin. Ka duba takardar da kyau ma, galibi kuɗin nan har da giyar cin abinci a ciki, wato za ka biya abin da wasu za su sha. Kuma kada Hajiya ta ce za ta yi guzurin kilishi da dambun nama. Ostireliya da Chile da Amurka ba sa wasa da shigo da nama, ƙwacewa za a yi, in ba ku bayyana ba har tara.

Abu ɗaya da masu talla ba sa faɗa: rana ɗaya ake tashi, amma kowane wuri da lokacinsa. Garken dabbobin dajin Serengeti na Tanzaniya ba a wuri ɗaya suke ba, farkon shekara suna kudu suna haihuwa, tsallaken kogin Mara da ake nunawa a talabijin kuma daga wajen Yuli zuwa Oktoba ne, can arewa. Aiki ya taɓa kai ni Zambiya a watan Nuwamba, na yi ta ɗokin ganin gangarar ruwan Victoria, mai faɗin mita 1,700, na tarar da yawancin ɓangarenmu dutse ne tsirara. Wanda ya je a Afrilu sai ya sa rigar ruwa. Ka tambaye su wane wata, kuma a wane sansani za a sauke ku.

Da ni ne kai, Alhaji, ba zan ba su kuɗin nan a dunƙule ba. Zan fara da abin da ke bayan gida. Ka ɗauki Hajiya ku yi kwana uku a Yankari da rani, lokacin da dabbobi ke gangarowa kogin Gaji. Ku shiga motar zagaya daji ta girgiza ku, ku taka zuwa kogunan Marshall, ɗakunan nan 59 da magabata suka fafe a jikin dutse, ku jiƙa ƙafa a Wikki, ruwan da ɗuminsa ke kan digiri 31 dare da rana. A nan za ka ga iya tafiyar da gwiwarta ke ɗauka, za ka kuma san ko kai mai son tsayawa gaban tsohon dutse ne ko hotonsa ya ishe ka. Na san 'yan Bauchi da suka je Dubai sau uku ba su taɓa wuce Dindima, inda ake karkata zuwa Yankari, ba.

In wannan ya yi muku daɗi, sai ku haɗa Masar da Jodan da Umra, mako biyu ko uku tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin Luksor da bazara ya fi na Gombe a watan Afrilu. Kujerar manya a jirgi, otal mai kyau, jagora naku ku kaɗai wanda zai tsaya in kun tsaya. Daga Madina ma akwai hanyar Al'ula, inda Hijr take, kaburburan Nabatawan nan dai da suka gina Petra. Sai dai ka fara zama da malaminka a kan hadisin da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi game da shiga wurin lokacin tafiyar Tabuka, ka ji yadda ake shigarsa da ladabi. Baɗi, in Allah ya kai mu, Indiya ko Tanzaniya. Biza biyu a shekara abu ne da mutum zai iya bi ba tare da jininsa ya ƙara hawa ba.

In kuma zuciyarka na kan jirgin shatar, ka turo min takardar ta waya in duba maka ƙananan rubutun, na sha wannan karatun da tsada. Ranar da kuka sa ta Yankari kuma ka sanar da ni, zan taso daga Gombe ta Alkaleri mu haɗu a mararrabar Dindima. A gaida Hajiya.