An naɗa ni wasiyyi a Ingila, amma ba ni da kuɗin izinin raba gado

Tambaya: Barista, barka da aiki. Kawuna ya rasu a Birmingham a watan Maris, kuma ni ya rubuta a matsayin wasiyyiyarsa. Bai haihu ba, sun rabu da matarsa tun da daɗewa. Ya bar gida da aka ƙiyasta fam 420,000 da kuɗi fam 30,000 a banki, duka ya bar wa 'ya'yan 'yan uwansa. Banki ya rufe asusun, sun ce sai na kawo takardar izinin kotu. Ina jin ana cewa kuɗin takardar ya hau, har wata ta ce mini dubbai ne. Ni albashi nake ci, ba ni da ajiya. Bashi zan ci ko yaya zan yi?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan kawu, ya ba ku haƙurin rashi. Kafin komai ki ajiye maganar cin bashi tukuna, domin da alama ba za ki kai can ba.

Wadda ta ce miki dubbai ne ba ƙarya ta ƙirƙira ba, tsohon labari ne ta riƙe. A 2017 gwamnati ta so ta riƙa cajin kuɗin takardar gwargwadon girman dukiya, har zuwa fam 20,000 a kan dukiyar da ta wuce miliyan 2. Aka yi ta surutu, aka jingine maganar gabanin zaɓen shekarar. A 2018 aka sake fito da ita, aka rage mafi tsada zuwa fam 6,000, ita ma aka watsar da ita a Oktoban 2019. Abin da ya tabbata shi ne ƙari kaɗan-kaɗan. Da can mai nema da kansa fam 215 yake biya, wanda ya bi ta hannun lauya fam 155. A Janairun 2022 aka haɗe su a fam 273, a Mayun 2024 aka kai fam 300. Dukiyar da ba ta wuce fam 5,000 ba, ba a biyan komai. Kuɗin kwafin takardar ma ya tashi a Nuwamban 2025 daga fam 1.50 zuwa fam 16, don haka ki ƙirga wuraren da za su nemi kwafi kafin ki yi oda. Tunda farashin ba ya zama wuri ɗaya, ki duba shafin GOV.UK ranar da za ki cike fom ɗin PA1P, wanda shi ne na mamacin da ya bar wasiyya. Wannan duka tsarin Ingila da Wales ne, Scotland nasu daban.

Kuɗin nan kuma ba naki ba ne ki biya. Dukiyar mamaci ce ke ɗaukar sa, kamar yadda take ɗaukar kuɗin jana'iza da na mai ƙiyasta gida. Idan kin fitar daga aljihunki, doka ta ba ki dama ki mayar da kuɗinki kafin kowane magaji ya karɓi kobo, muddin kin riƙe rasit. Ki buɗe littafi tun yau, ko kuɗin mota kika kashe a kan wannan aiki ki rubuta. Sannan ki koma bankin ki nemi sashen da ke kula da asusun mamata, kada ki tsaya ga wanda ke kan kanta. Bankuna da yawa suna biyan kuɗin jana'iza da na takardar izini kai tsaye daga asusun da aka rufe, idan aka kai musu shaidar rasuwa da wasiyya. Kowane banki kuma yana da iyakar da yake sakin kuɗi ba tare da izinin kotu ba, wasu har fam 50,000. Ki tambaye su tasu iyakar. Akwai kuma tsarin rangwamen kuɗin kotu ga masu ƙaramin ƙarfi, ana duba albashinki da ajiyarki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba ki ma ambace shi ba, wato harajin gado. A nan ne dubban da kike tsoro suke.

Dukiyar kawu ta kai fam 450,000. Fam 325,000 na farko ba haraji a kansu, iyakar da ba ta motsa ba tun 2009 duk da yadda gidaje suka yi tsada. Abin da ya haura ana cire kashi 40 cikin 100. Akwai ƙarin sassauci na fam 175,000 a kan gidan zama, amma sai idan 'ya'ya ko jikoki aka bar wa, 'ya'yan 'yan uwa ba sa ciki. Saboda haka fam 125,000 ne za a yi wa haraji, wato fam 50,000, kafin a cire kuɗin jana'iza da basussukan da ake bin sa. Ki kuma bincika ko ya taɓa auren wata da ta rasu tana matarsa, domin abin da ba a yi amfani da shi ba na iyakarta ta dukiyar da ba a yi wa haraji yana iya dawowa kansa, kuma hakan na iya share harajin gaba ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Hukumar haraji ta HMRC tana so a biya kafin ƙarshen wata na shida bayan watan rasuwa, a naki lissafin ƙarshen Satumba, in ba haka ba kuɗin ruwa ya fara hawa. Kotu ba za ta ba ki takarda ba sai HMRC ta karɓi fom ɗin IHT400 da abin da ya wajaba a biya, ta aiko miki da lambar da za ki ba kotu. Gida kuwa ba ya sayuwa sai da takardar. Ana neman kuɗi a wurinki, kuɗin kuma yana cikin ɗakin da aka hana ki mabuɗinsa.

Mafita biyu ce, kuma tare za ki yi amfani da su. Harajin da ya faɗa kan gida ana iya raba shi kashi 10, a biya a shekara 10. A dukiyar kawu, kusan fam 46,700 na harajin na gida ne, kashin farko ya kama wajen fam 4,670. Na kuɗin banki wajen fam 3,330 ne, shi ba a raba shi. Jimillar abin da ake bukata da farko fam 8,000 ke nan, ba 50,000 ba. Sai ki cike fom ɗin IHT423 ki kai banki, su tura kuɗin kai tsaye daga asusun kawu zuwa HMRC tun ba ki samu takardar kotu ba. Fam 30,000 ɗin nan ya isa har da saura. Ki dai sani ragowar harajin yana jawo kuɗin ruwa, kuma ranar da aka sayar da gidan dole a biya shi duka. Idan kuɗin ruwan nan ya dame ki ta fuskar addini, ki tura abin da ya samu da wuri, ki gaggauta sayar da gidan.

Da a ce babu kuɗi a banki, da sai mu duba inshorar rai, ko mu roƙi magada su ba dukiyar rance a rubuce, ko mu nemi HMRC ta yarda a fitar da takarda a bisa alkawarin biya bayan an sayar da gida. Tun Afrilun 2024 ba sai kin nuna kin nemi bashin banki kin rasa ba kafin su saurare ki. Kamfanonin da ke tallar bashin wasiyyai su ne na ƙarshe a jerina, ruwansu yana da nauyi, kuma daga rabon magada zai fita.

Gargaɗi ɗaya, domin na ga yadda dangi ke matsa wa wasiyyi: kada ki raba ko fam ɗaya kafin a biya haraji da basussuka. Idan kika raba sannan mai bin bashi ya bayyana, ke za a kama, a aljihunki. Ki sa sanarwa a jaridar gwamnati ta The Gazette da kuma wata jaridar yankin da gidan yake, ƙarƙashin sashe na 27 na dokar amintattu ta 1925, ki jira wata biyu, wannan zai kare ki daga basussukan da ba ki san da su ba. Ki kuma kira kamfanin inshorar gidan ki shaida musu babu kowa a ciki, domin da yawansu suna rage kariya idan gida ya daɗe a rufe.

Idan kuwa kin ga nauyin ya fi ƙarfinki, ba dole ba ne. Kina iya ajiye wasiccin ta fom ɗin PA15, amma sai idan ba ki fara taɓa harkar dukiyar ba. Da zarar kin fara karɓar kuɗi ko biyan basussuka da sunan wasiyyiya, wannan ƙofa ta rufe, sai dai ki ɗauki lauya ya yi aikin a madadinki, dukiyar ta biya shi. Don haka ki yanke shawara kafin ki sa hannu a takardar banki ta farko.