Tambaya da Amsa: Neman Firam ɗin Keken Tsere da Aka Daina Ƙerawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, kuma na daɗe ina sha'awar tseren keke na cikin fili, irin wanda aka gina wa wuri na musamman a Babban Filin Wasa na Ƙasa. Kwanakin baya na ga hoton wani firam ɗin keke, wato gangar jikinsa ta bututai, ƙirar 3Rensho ta Japan, raina ya biya ƙwarai, amma aka ce mini an daɗe da daina ƙera shi. Wani mutum a intanet ya turo mini hotuna biyu, ya ce yana da guda ɗaya, in tura rabin kuɗin ya ajiye mini. Tsawona santimita 183 ne. A ina ake samun irin wannan firam, kuma ta yaya zan gane na gaske? Daga mai karatu a Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko sisi a kan hotuna biyu, domin wannan sayen kifi a ruwa ne, kuma zan dawo kansa a ƙasa.

Gaskiya aka faɗa maka cewa an daina ƙera 3Rensho. Sunan yana nufin nasara uku a jere da harshen Japananci, kuma maƙerin da ya kafa shagon, Yoshi Konno, ya yi suna ne wajen yi wa 'yan tseren keirin firam da hannu. Keirin tseren keke ne da aka fara a garin Kokura a 1948, ana caca a kansa a Japan, shi ya sa hukumar da ke kula da shi ta tsananta dokar kayan aiki: dole firam ya zama na ƙarfe, daga hannun maƙerin da aka amince da shi, ɗauke da hatimin amincewar hukumar, wanda ake kira NJS. Shagon Konno ya rufe a tsakiyar shekarun 1990 bayan wani mummunan haɗarin mota da ya yi. Ke nan duk 3Rensho da za ka samu a yau ya kai kimanin shekara 30 ko ya wuce, kuma mai yiwuwa ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ya zo gabanka. Abin da za ka saya tsohon ƙarfe ne mai siraran bututai, saboda haka lafiyarsa da girmansa su ne abin dubawa tun kafin sunan da ke jikinsa.

Girman shi ne matsalarka ta farko. Yawancin firam ɗin keirin da ke yawo a kasuwa suna tsakanin santimita 50 zuwa 55 ne, alhali mai tsawonka yakan buƙaci wajen 57 ko 58, kuma irin waɗannan ba su cika fitowa ba. Ka auna keken da kake jin daɗin hawansa yanzu, musamman bututun sama daga tsakiyar wuya zuwa tsakiyar bututun sirdi, ka rubuta ka ajiye. Ka kuma riƙa tambayar mai sayarwa yadda ya auna bututun sirdi, daga tsakiya zuwa tsakiya ne ko daga tsakiya zuwa baki, domin bambancin yakan kai santimita ɗaya zuwa biyu, kuma a Japan an fi aunawa zuwa baki. Na sha ganin masu sha'awa sun sayi firam da ya yi musu kaɗan don kawai shi ne ya samu, daga baya ya koma abin ratayewa a bango.

Game da wurin nema, tushen kasuwar yana Japan. Shafin gwanjo na Yahoo na can da Mercari su ne inda tsofaffin firam suka fi fitowa, sai dai yawancin masu sayarwa ba sa aikawa ƙasar waje, don haka ana bi ta kamfanonin dillanci irin su Buyee, waɗanda ke saya a madadinka, su karɓi la'ada, su aiko maka. Akwai eBay, akwai kuma shagunan da suka ƙware wajen fitar da kayan keirin na hannu, waɗanda kuɗinsu ya fi yawa amma sukan bayyana aibin kaya. Ka yi bincike da sunan a rubutun boko da na Japananci, ka sa shafin ya riƙa sanar da kai idan sabo ya shigo, sannan ka duba farashin da aka riga aka sayar, domin shi ne ke nuna darajar kaya ta gaskiya. Neman zai iya ɗaukar watanni.

Idan ka samu wanda ya yi daidai da kai, nan ne aikin yake. Ka nemi hoton ƙarƙashin gidan boris na feda, inda ake buga lamba da hatimin NJS a cikin ƙarfen. Sitika kowa zai iya bugawa ya manna, kuma sabon fenti a kan tsohon firam abin tambaya ne, domin fenti yana rufe tsaga da ciko. Ka sani kuma shagon ya ƙera kekunan titi da yawa, saboda haka ka duba bakin da ƙafar baya ke shiga: a keken fili a kwance yake, yana buɗewa ta baya, kuma babu marataya ta giya ko mazaunin wayoyi a jikin bututai.

Sai alamun faɗuwa, waɗanda su ne suka fi damuna. 'Yan keirin suna gogayya da kafaɗa cikin gudu, faɗuwa ba baƙon abu ba ce a wurinsu, kuma firam da yawa sun shigo kasuwa ne bayan an yi haɗari da su. Ka nemi hoto na kusa, cikin haske mai kyau, na ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da inda suka haɗu da wuya. Idan akwai ɗan kumburi ko tattarewar fenti a wurin, an yi karo da shi ta gaba, ka bar shi komai arharsa. 'Yar lotsawa a tsakiyar bututun sama kuwa, wadda kan keke ke yi idan ya juyo ya bugi firam, ba ta cika hana hawa ba idan ba ta da zurfi, sai dai ta zama hujjar neman ragi. Ka sa a leƙa cikin bututun sirdi da gidan boris da tocila saboda tsatsa. Ka kuma roƙi a yi gwajin zare: a ɗaura shi a bakin ƙafar baya na dama, a zagayo da shi ta wuya zuwa na hagu, a auna tazararsa da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan tazarar ba ɗaya ba ce, firam ya karkace. Fok ɗin ma, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ya zama nasa na asali.

Akwai ma'aunai da za su iya jawo maka wahala a nan gida. Faɗin da ke tsakanin bakunan ƙafar baya a keken fili na yau milimita 120 ne, amma tsofaffin firam ɗin keirin da yawa 110 ne, da ƙaramin baki da ba ya karɓar sandar hob (cibiyar ƙafa) ta zamani, don haka ƙafafun da kake da su ba lalle su shiga ba. Wuyansu mai zaren ɗauri ne irin na noti, na inci ɗaya, kuma mazaunin boris a kan fok yakan zama milimita 27.0 a ma'aunin Japan, alhali na Turai 26.4 ne. Sandar sirdi takan zama 27.2, wani lokaci 26.8. Ka tambayi duk waɗannan kafin ciniki, ka haɗo kayan da suka dace a kwali ɗaya, domin mai gyaran keke na unguwa zai so ya gyara da guduma da zarto abin da bai shiga ba, kuma wannan ƙarfen ba ya jure haka. Ka tuna kuma keken fili ba shi da birki, feda tana juyawa muddin ƙafa na juyawa, kuma fok ɗin keirin ba a huda shi don birki ba, saboda haka ba na ba ka shawarar shiga titunan Abuja da shi.

Shi kuwa mutumin da ya nemi kafin alƙalami, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da lambar firam ya ɗauki hoto, ko ya nuna maka shi kai tsaye ta bidiyo. Idan ya fara kame-kame ko ya ce wasu na jira, ka rabu da shi. Ka biya ta hanyar da ke mayar da kuɗi idan kaya bai zo ba, ka sa a cire fok a naɗe shi daban, a kuma sa katako tsakanin bakunan ƙafafu don kada a matse su a hanya. Kuɗin jirgi da na kwastam su shiga lissafinka tun farko.

Idan watanni suka shuɗe ba ka samu girmanka ba, ka duba ƙirar Makino. Masahiko Makino ya yi aiki a shagon Konno kafin ya buɗe nasa, aikinsa ya ɗauko hannun gidan, kuma firam ɗinsa na hannu sun fi na 3Rensho ƙuruciya da sauƙin samu.