Tambayoyin manoma kan buhun takarda

Wani manomi daga Bichi ya ce magina sun bar masa buhunan siminti na takarda da yawa, yana tambaya ko zai iya kakkaɓe su ya zuba wake.

Malam, kada ka zuba. Garin siminti yana shiga tsakanin ninkin takardar da cikin ɗinki, kakkaɓa ba ta fitar da shi, ruwa kuwa lalata buhun zai yi. Siminti yana da kaifi, ka dubi yadda yake cin hannun leburori. Abin da ya ɗauki siminti, ko taki, ko garin maganin ƙwari, ya gama aikinsa, ba ya komawa buhun abinci. Har naɗe tsire da ake yi a takardar siminti ba na jin daɗinsa.

Ko da sabon buhu ne fil, wake ba wurinsa ba ne. Masana'antu suna son buhun takarda ne saboda yana numfashi: idan inji na tura gari da ƙarfi, iska tana fita ta jikin takardar, buhun ya cika da sauri ba tare da ya fashe ba. To wannan numfashin shi ne abin da ƙwaron wake yake so. Ƙwansa yana biyo waken tun daga gona, muddin akwai iska zai ƙyanƙyashe ya hayayyafa. Wake buhun PICS yake so, mai leda biyu a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, aka fara yaɗa shi a yankinmu daga 2007. Ka matse iska, ka ɗaure kowane ninki daban, ƙwarin su mutu ba tare da ka sa magani ba. Ka tabbata dai waken ya bushe sosai. Zuba ɗan tsaba a busasshiyar kwalba da cokalin busasshen gishiri, ka rufe, ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya.

Wata baiwar Allah mai niƙa garin masara a Funtuwa ta ce garinta yana dunƙulewa a leda, har ya yi tsami, ko takarda za ta fi?

Hajiya, a nan takarda tana da amfani. Gari yana fitowa daga inji da zafi, idan aka ƙulle shi a leda nan take sai ya yi gumi, daga nan hunhuna ta biyo. Ki baza shi ya huce tukuna. Sabon buhun takarda mai ninki biyu ko uku zai riƙe shi lafiya a hunturu da bazara, in dai kayan na saurin fita ne. Da damina ta kankama, musamman Agusta, takardar ce za ta jawo miki danshi, sai ki nemi mai leda a ciki. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, ki ɗora a kan katako saboda gara da laima. Masu lodi kuma su ajiye ƙugiya, su ɗauka da hannu biyu.

Wani ya tambaya ko zai juye ragowar takin yuriya a buhun takarda zuwa baɗi. A'a. Yuriya tana shan danshin iska, ta jiƙe, ta daskare kamar dutse, takardar kuma ta ruɓe. Ka bar ta a buhunta mai leda, ka ɗaure baki da kyau.

Shi kuma mai tambaya ko zai iya sake amfani da ƙaramin buhun takarda da irin masara ya zo ciki: launin ja ko ruwan hoda da ka gani a jikin irin alamar magani ce, guba ne. Ragowar irin ba ta mutum ba ce, ba ta kaji ba ce. Buhun kuma ka yayyaga shi ka binne nesa da rijiya, kada yara su ɗauka su zuba gyaɗa.