Amsar tambayarka kan saka wa Hilux oksilari

Toh na ga saƙonka, wai ƙanin babanka yana da Hilux Vigo marar oksilari, duk damina sai ta kafe masa a hanyar gona, yana so a mayar da ita fowil, wato ta riƙa ja da tayoyi huɗu, shine kake tambaya ko zai yiwu kuma nawa zaka ce masa. Wannan "nawa zan ce masa" ɗin shi ya fara ɓata min rai, kai da har yanzu in ka ɗaure furofela sai na bi bayanka da sifana, har ka kai matsayin yanka kuɗin aiki? Ku yaran yanzu haka kuke, kun kalli bidiyon minti goma a YouTube wani Bature ya yi a garejinsa mai lif da komai, shikenan kun zama injiniyoyi.

Zai yiwu, na yi da hannuna. Amma kafin komai je ka tsuguna ka ƙirga notin tayarta. In biyar ne, wato gajeriyar nan ce, ka ce wa kawun naka ya sayar ya cika kuɗi ya sayi mai oksilari tun daga kamfani, magana ta ƙare, domin cesis ɗinta daban, ƙafar gaba daban, har aksul na baya daban, abinda zaka bari na asali bai wuce inji da bodi ba. In shida ne, doguwar nan da a Tailan suke kira Prerunner, toh da sauƙi, cesis ɗinta ya yi kusa da na fowil, amma duk da haka sai an shiga ƙarƙashi an duba ko akwai mazaunin difa ta gaba ko sai an yi walda.

Kayan kuwa ba ƙarin giya ɗaya bane kamar yadda masu mota suke zato. Giyabos ɗin kansa sai an canza, don na tuwil wutsiyarsa doguwa ce babu inda taransfa zata zauna, na fowil shi ne zaka ga lambarsa ta ƙare da F, irin su R151F. Sai taransfa, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, furofela ta gaba, ta baya ma dole gajeriya, difa ta gaba (kwanon giyar da ke raba wa tayoyi biyu ƙarfi) da shaf biyu, hob da nokul inda taya ke ɗaurewa, kurosmemba, ga huda ƙasan mota don ƙaramin liban saka oksilari, ga wayarin na fitilar dashbod da na ɗan injin lantarkin da ke haɗa difa a Vigo. Yadda ake sauke giyabos da ɗora shi ba zan tsaya faɗa maka ba, in baka iya wannan ba ka tattara ka koma gida. Abu ɗaya zan ce, kada a sayi kayan nan ɗaiɗai. A nemi mota guda wadda ta yi hatsari ta baya ko ta kife, a saye ta sukutum, a kwashe komai daga jikinta har noti da wosha. Dalilin da ya sa na zauna ina rubuta maka wannan ke nan da daren nan, don tambayarka ta tono min wani abu da har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina.

Wani Alhaji ne mai sayen riɗi da ƙaro, yana shiga ƙauyukan Machina da Yusufari, ka san yashin wajen, mota marar oksilari ko ta shiga sai an turo ta. Yana da tsohuwar Hilux ta shekarun 1990 mai injin gas 3L, lita 2.8, injin lafiya lau kamar agogo, shi ya sa baya son rabuwa da ita. Nace Alhaji ka sayar ka sayi LN106, ita ce yayarta mai oksilari, inji ɗaya ne. Yace a'a shi wannan ce mai albarka. Nace toh a nemo mai hatsari guda. Yace ai yana da suruki a Legas da ya san kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ciki da bai, zai haɗo masa kayan a rabin kuɗi. Kaya suka iso a buhuna da kwalaye, aksul na gaba daga wata mota, na baya daga wata, giyabos da taransfa daga ta uku, furofelar ma ba tata bace sai da na kai aka yanke aka yi balansin.

Aikin ba wasa bane yaro. Waccan tuwil ɗin ƙafar gabanta a kan toshan-ba take, wato sandar ƙarfe mai murɗawa, ita kuwa LN106 aksul ne miƙaƙƙe a kan sifirin mai ganye, don haka sai da na yanke duk mazaunan gaba, na auna da igiya da tef daga kusurwa zuwa kusurwa, na kafa mazaunin sifirin, ni na tsaya a kan mai walda don in ya karkace da rabin inci motar zata riƙa tafiya a kaikaice har abada. Akwatin sitiyari na canza, kwanon baƙin mai na canza don aksul zai doke shi in ta faɗa rami, a baya kuma sifirin ya koma saman aksul. Na ƙi karɓar wasu ayyuka saboda ita, kwastomomina na kullum suka riƙa zuwa suna komawa. Kafin alƙalamin da ya bani ko kuɗin walda da ƙarafa bai kai ba, sauran daga aljihuna, don a lokacin mutum in yace maka "in sha Allahu in an gama" ka ɗauka magana ce.

Kafin in rufe difa na ƙirga haƙora kamar yadda nake yi kullum. Ta gaba kiraun (babbar giyar) 41 finiyan (ƙaramar) 9, in ka raba 4.56. Ta baya kiraun 43 finiyan 10, wato 4.30. Ka gane abinda wannan ke nufi? In tayar baya ta juya sau 100 ta gaba sau 94 da ɗan wani abu zata yi, kuma taransfar Hilux ba ta da difa a tsakiya da zata raba musu gardama, ƙulle su take yi tare. Kamar ka ɗaura shanun huɗa biyu, ɗaya na sauri ɗaya na jan ƙafa, garmar ce zata karye. A yashi taya zata ɗan zame ta huce, a kwalta babu zamewa, ƙarfen ne zai sha.

Na kira shi na nuna masa a gaban direbansa da maƙwabcina mai gyaran birki, na ɗora yatsansa a kan haƙoran muka ƙirga tare. Nace a sayo difa ɗaya da ta dace, a nan kasuwar Kofar Ruwa ma za a samu, in ɗaura, shikenan. Yace toh, amma yana da ɗaurin aure a Hadejia, a bashi motar ya je ya dawo, sai a ƙarasa ya biya gaba ɗaya. Na bar hob biyun a FREE, wato a sake, na sa ƙaramin liba a H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, na ɗaure shi da waya, nace wa direban ko mafarki kada ya yi da liban nan.

Da janwe aka dawo min da ita. Direban, yaro ne kamar ku, ya ga sabon liba hannunsa na ƙaiƙayi, ya kwance wayar, ya sauka ya murɗa hob zuwa LOCK, ya sa H4, wato oksilari, ya hau kwalta da gudu wai yana so yaji ƙarfinta. Da na kwance notin juye man difa ta gaba, abinda ya zubo ba mai bane, wani abu ne toka-toka mai ƙyalli, ga gutsattsarin haƙora manne a maganaɗisun notin, na tsince su ɗaya-ɗaya na zuba a murfin gwangwani. Kan shaf na dama ya tarwatse a cikin nokul, ƙwallayen sun watse a giris, tayoyin gaba sabbi dal sun cinye kamar an goga su a dutse.

Ka san me Alhajin nan yace? Wai bai taɓa jin maganar haƙora ba. Mutumin da na riƙe yatsansa! Direban ya sunkuyar da kai yace shi bai taɓa komai ba, wai haka na basu motar. Ya kai ƙarata wurin dattawan sana'a, maƙwabcina ya bada shaida tsakaninsa da Allah, amma aka ce a yi sulhu, wai shi babban mutum ne kada a kunyata shi, ni in yafe cikon kuɗina shi ya yafe ɓarnar. Wace ɓarna? Kuɗin da na yafe a lokacin zai sayi fili a bayan gari, filayen da yanzu ko kallonsu ba zan iya ba. Abinda ya fi ci min rai, ya ja motar ya kai wa wani, aka saka difar da na faɗa tun farko, motar ta yi ta shiga yashi shekara da shekaru a kan waldata da awona, shi kuma yana yawo yana cewa wane ne ya gyara abinda na ɓata. Na bar shi da Allah amma ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Don haka kada ka yarda da farantin lamba da ke jikin mota mai nuna lambar giya da aksul, motocin ƙasar nan an canza musu aksul sau nawa kafin su iso hannunka? Buɗe ka ƙirga. Tayoyi huɗu su zama lamba ɗaya, kuma cinyewarsu kusan ɗaya, don taya babba da ƙarama ma wannan rigimar suke haddasawa a hankali. Mai mota kuma a gaya masa da babbar murya, H4 da L4, giyoyin oksilari biyun, na yashi ne da laka, da ya hau kwalta ya koma H2. Ku da kuke da waya a hannu dare da rana, ga amfaninta nan, ka ɗauki hoton haƙoran ka tura masa, ka sa ya amsa da muryarsa, ba kallon rawa kawai ba.

Ni a ganina ma kawun naka ya fara gwada tayoyi masu manyan haƙora a baya, ya ɗora buhu biyu uku na yashi a bodi don bayan ya yi nauyi, Hilux ba kaya bayanta ba nauyi shi ya sa take wulwula taya a laka. In hanyar gonar ta fi ƙarfin wannan toh ya kawo ta in shiga ƙarƙashinta da kaina, ba kai ba. Kuɗin kaya gaba ɗaya a hannu, rabin kuɗin aiki kafin in taɓa noti, kuma motar ba zata fita ƙofar gareji ba sai an gama an biya, ko ɗaurin auren waye. In kuma yace maka yana da wanda zai haɗo masa kaya da araha, ka ce masa garejinmu a cike yake.