Zazzaɓi ya kwantar da ni, kicin ba komai

Tambaya: Anti salamu alaikum, ni ɗaliba ce ina zaune ni kaɗai a Samaru, zazzaɓi ya kwantar da ni kuma wallahi kicin ɗina ba komai sai shinkafa gwangwani ɗaya, rabin albasa, ɗan manja, daddawa da citta. Tsayuwa ma da ƙyar nake yi. Me zan dafa don Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ai kina da abinci. Ki wanke rabin shinkafar ki zuba mata ruwa kofi 4, ki yanka albasar a ciki ki marmasa daddawa da ɗan gishiri, sai ki rage wuta ki jawo kujera ki zauna kusa, kar dai ki koma gado ki bar gas a kunne barci ya ɗauke ki. Ki barta ta dahu luguf har ta zama kamar fate sannan ki ɗiga manja cokali ɗaya, ba sai kin soya ba don ƙaurin suya tayar da zuciya yake. Cittar kuma ki daka ki tafasa ki sha da ɗumi.

In akwai amai ko gudawa ki roƙi maƙwabciya sukari, ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwan da aka tafasa lita 1, ki riƙa kurɓa. Kuma ki samu mai raka ki asibiti gwajin maleriya yau ɗin nan, kar ki sha magani da ka.